Kowace taliya da tata miya

Yara, wa ya taɓa cin taliya a cikinku? Na san hannuwa da yawa za su tashi. To, wa ya san dalilin da ya sa wata taliya doguwa ce, wata gajera, wata kuma da rami a cikinta? Wannan shi ne darasinmu na yau.

1. Abin da ya faru a gidanmu

Wata rana muka yi baƙi daga Mirya. Iya ta aiki ƙanwata kasuwar Dole ta sawo taliya. Ta sawo doguwa, siririya kamar zare. Ta yi miya mai kauri, da manyan yankan nama da karas da kabewa. Da aka sa hannu a kwano, sai taliya ta riƙa zamewa ita kaɗai. Nama da kayan miya suka taru a ƙasa. Waɗanda suka fara ci, gayan taliya suka ci. Yaran da aka bar wa saura suka sami miya ba taliya. Ƙanwata ta ji kunya har ta yi hawaye.

Iya ta ce mata: "Ke ƴar nan, share hawayenki. Miyarki ba ta da laifi, taliyarki ma ba ta da laifi. Aurensu ne bai yi ba. Kin taɓa ganin an ci ɗan wake da miyar kuɓewa?"

Gaskiyar Iya. Kowane allazi da nasa amanu. Mutanen da suka fi kowa kula da wannan aure na taliya da miya su ne mutanen Italiya. Bari mu leƙa ƙasarsu.

2. Ƙasar Italiya da taliya

Ku dubi taswira. Daga Damagaram mu yi arewa, mu wuce Agadas, mu ratsa Sahara, mu isa Tarabulus ta Libiya. Can ne ayarin raƙuma ke tasowa su sauka a Zango, a zamanin Sarki Tanimun. Bayan Tarabulus sai Bahar Rum. A ƙetarensa Italiya take, da siffa kamar dogon takalmi. Babban birninta Roma.

A kudancinta akwai tsibirin Sisili. A shekarar 1154 wani masanin ƙasa Balarabe, al-Idrisi, ya rubuta cewa a garin Tarabiya na Sisili ana yin wani abinci na garin alkama mai kama da zare. Ana loda shi a jiragen ruwa ana kai shi ƙasashe. Me ya sa ya yi tafiya mai nisa bai lalace ba? Don an busar da shi, kamar yadda muke busar da kilishi.

Tumatir kuwa baƙo ne a Italiya. Daga nahiyar Amurka aka kawo shi a ƙarni na 16. Sai a ƙarni na 19 cin taliya da miyar tumatir ya bazu.

A Italiya ana yin busasshiyar taliya da wata alkama mai tauri, wadda ba ta saurin caɓewa a tukunya. Tun 1967 doka ta tilasta haka. Mutum ɗaya a can yana cin wajen kilo 23 a shekara. Siffofin taliyarsu sun fi 300. Ba za mu iya haddace su duka ba, amma za mu iya raba su gida huɗu.

3. Gidaje huɗu

Gida na farko: dogaye sirara. Babbarsu ita ce wadda ake rubutawa spaghetti a jikin leda, mu kuma muna cewa sufageti. Ma'anar sunan ita ce ƴan igiyoyi. Jikinta sumul yake, ba ta da wurin riƙe yanki. Saboda haka miya mai laushi take so, wadda za ta shafe ta daga sama har ƙasa: miyar tumatir niƙaƙƙe, ko man zaitun da tafarnuwa da barkono. Wannan na biyu ɗan'uwan mai da yajinmu ne. Taliyar murji da iyayenmu mata ke shanyawa a kan igiya, ita ma ƴar gidan nan ce.

Gida na biyu: dogaye masu faɗi. Misalinsu tagliatelle, ana cewa taliyatelle. Da ƙwai ake kwaɓa ta, a murza ta yi faɗi, a yanka ta kamar tsiri-tsirin ƙyalle. Faɗinta yana ɗaukar miya mai nauyi. A birnin Bolonya da ita ake cin miyar niƙaƙƙen nama, wadda ake dafawa a hankali, awa biyu ko fiye.

Gida na uku: gajeru masu rami ko lanƙwasa. Akwai makaroni, wadda kuka sani. Akwai penne, wato alƙaluma, don an yanke bakinta a karkace kamar alƙalamin kara na makarantar allo. Akwai fusilli, mai murɗiya, sunanta daga mazari ya fito. Akwai conchiglie, ana cewa konkiliye, mai kama da wuri. Ramin da lanƙwasar su ne cokalinsu: ƙananan yankan nama da wake da kayan lambu suna shiga su maƙale. Irin wannan ya kamata ƙanwata ta sawo, ta kuma rage girman yankanta.

Gida na huɗu: ƙanana ƙwarai, kamar ƙwayar shinkafa ko ƴan taurari. Cikin romo ake zuba su, a sha da cokali. Suna da daɗi ga ƙaramin yaro da tsoho da mai jinya.

Kada ku ɗauka girkin Italiya ya yi nesa da namu. Su ma suna dafa taliya da wake. A birnin Jenowa kuma suna da koriyar miya mai suna pesto, wato dakakkiya. A ƙaramin turmi suke daka wani ganye dangin ɗoɗɗoya, da tafarnuwa da cuku da wasu ƴaƴan itace, su zuba man zaitun. Sai dai wasu miyunsu ana sa musu naman alade ko giya. Mu sai mu yi su da naman sa ko na rago.

4. Dafuwa

Ƙa'idar masu girki a Italiya ita ce: taliya giram 100, ruwa lita 1, gishiri giram 10. Sai ruwa ya tafasa ake zuba taliya. Ana sauke ta da ɗan sauran ƙarfi a haƙori, kafin ta yi laƙwas. Yawan mintocin yana rubuce a jikin leda.

Kun san tsadar ruwa da itace a garinmu, balle da bazara. Idan ruwa ya yi ƙaranci, rabin wannan ma ya isa, in dai ana motsawa don kada ta manne. Kafin a tace, a ɗebi ludayi ɗaya na ruwan dafuwar a zuba cikin miya. Farin garin da ke cikinsa shi ke sa miya ta kama taliya. Shi ya sa mutanen Italiya ba sa wanke ta da ruwan sanyi.

Abin tunawa

Siririya da miya mai laushi. Mai faɗi da miya mai nauyi. Mai rami da miya mai yanka-yanka. Ƙarama da romo.

Hausa da Faransanci

alkama: le blé
garin alkama: la farine
taliya: les pâtes
miya: la sauce

Tambayoyi

1. Me ya sa nama ya taru a ƙasan kwano?
2. Wane teku ne tsakanin Libiya da Italiya?
3. Daga wace nahiya tumatir ya fito?
4. Wace taliya ce ke da sunan alƙalami? Don me?
5. Gida mai mutum 6 zai dafa taliya giram 600. Lita nawa na ruwa ake bukata bisa ƙa'ida? Giram nawa na gishiri? In an yi da rabin ruwa, lita nawa aka adana?

Aiki

Ku nemi ledar taliya da aka gama da ita, ku kawo aji. Ku karanta sunan ƙasar da aka yi ta, ku nuna ta a taswira. Ku zana siffar taliyar a littafinku, ku rubuta gidanta. Sannan ku tambayi iyayenku mata da wace miya suke dafa ta, gobe ku gaya mana.