A Sāke Ɗaukar Alƙalami

Karatu: Irmiya sura 36

A ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya mamaye Gwange, Kasuwar Monday da unguwanni masu yawa na Maiduguri. Cikin asarar da ba a cika ambata ba akwai takardu. Wanda ya yi shekaru yana rubuta tarihin ikilisiyarsa, ko waƙoƙin yabo da Bura ko Margi, ko labarin yadda iyalinsa suka gudo daga Gwoza a 2014, in ya tarar tawada ta narke, yakan ce aikin ya ƙare ke nan. Wannan darasi dominsa ne, da duk wanda ya fara rubutu gwiwarsa ta yi sanyi.

A zamanin Yehoyakim sarkin Yahuza, annabi Irmiya ya yi ta faɗa, Baruk ɗan Neriya yana rubutawa a naɗaɗɗen littafi. Da aka karanta wa sarki, sai ya riƙa yanka littafin da wuƙa yana jefawa cikin kaskon wuta, har ya ƙone ƙurmus. Irmiya ya ɗauki wani littafi ya ba Baruk, suka sāke daga farko, har suka ƙara magana mai yawa a kan ta dā. Takarda ce sarki ya ƙone. Saƙon yana nan cikin waɗanda aka danƙa wa.

Haka ya faru da William Carey a ƙasar Indiya. A watan Maris na 1812 gobara ta cinye maɗaba'arsu a Serampore, tare da rubuce-rubucen fassara na shekaru masu yawa. Shi da abokan aikinsa suka sāke zama a kan aikin, fassarar kuwa ta ci gaba da fitowa.

Abin koyi guda uku ne. Na farko, marubuci ya tsai da wa kansa ƙaramin ma'auni. Shafi ɗaya kowace rana yakan kai shafi 90 cikin wata uku; sannu ba ta hana zuwa. Na biyu, ya nemi nasa Baruk. Dattijon da idonsa ya yi rauni yana iya faɗa, jikansa yana rubutawa. Na uku, kada ya ajiye aikinsa wuri ɗaya. Ya ɗauki hoton kowane shafi da waya, ya aika wa ɗan'uwa a wani gari.

Dattawan da suka san yadda aka kafa ikilisiyoyin kudancin Borno suna ta raguwa, abin da ba a rubuta ba kuwa yakan bi mai shi kabari.

Tambayoyi domin iyali:
1. Me ya sa Irmiya bai daina ba bayan an ƙone littafin?
2. Labarin wane ne a gidan nan ya kamata a fara rubutawa a wannan wata, wa kuma zai riƙe alƙalami?