Yadda Ake Zaɓen Wurin Gwajin Manhaja Mai Sauƙin Kuɗi Ba Tare da Garabasa Ta Ruɗe Ka Ba

Duk sanda mai rubuta manhaja ya tura gyara zuwa ma'ajiyar kod, akwai wata kwamfuta a wani wuri da take ɗauko gyaran, ta harhaɗa manhajar, ta yi mata gwaje-gwaje, sannan ta ce an dace ko an samu matsala. Wannan tsarin shi ake kira CI. Kwamfutar ta wani ce, kuma da minti yake lissafin hayarta. Shi ya sa musu ba ya ƙarewa tsakanin masu sana'ar: wasu na ganin a zauna inda kod ɗin yake a ci kyautar da ake bayarwa duk wata, wasu na ganin a yi hayar ƙaramar saba a kafa na kai, wasu kuma sun mai da bin garabasar sababbin kwastomomi sana'a, yau suna nan gobe suna can. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma yawancin musun ana yin sa ne kafin a yi lissafi. Ga yadda ake bi.

Fara da ƙirga mintinka

Kada ka buɗe shafin farashin kowane kamfani tukuna. Ɗauki takarda. A ce ku huɗu ne, kowa yana tura gyara sau 5 a rana, kowane gwaji yana cin minti 8, kuna aiki kwana 22 a wata. Minti 3,520 ke nan. Da wannan adadin za ka auna duk wani tayi. Ka lura da abu biyu. GitHub yana cike ragowar daƙiƙun kowane aiki su zama cikakken minti, don haka ƙananan ayyuka goma masu daƙiƙa 20 kowanne za su ci maka minti 10. Sannan ba kowane inji ne farashinsa ɗaya ba: mintin macOS ya kai kusan ninki goma na mintin Linux. Mai rubuta manhajar iPhone da mai rubuta manhajar yanar gizo ba kasuwa ɗaya suke ci ba, ko da kuwa shafi ɗaya suke karantawa.

Rage mintin kafin ka nemi mai arha

A nan ribar take, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Yawancin lokacin da gwaji ke ci ba a gwajin yake tafiya ba, a sauko da kayan haɗin da manhajar ta dogara da su yake tafiya, ana sauko da abu ɗaya sau ɗari a wata. Kunna ajiyar wucin gadi, wadda ake kira cache, domin a sauko da su sau ɗaya a riƙa ɗauka daga ajiya. GitHub yana ba kowace ma'ajiya gigabait 10 don wannan.

Sai ka saita cewa idan sabon gyara ya shigo reshe ɗaya alhali gwajin tsohon bai ƙare ba, a kashe tsohon. A GitHub Actions ana yin haka ne da `concurrency` da `cancel-in-progress`. Wa zai amfana da sakamakon kod ɗin da an riga an canza shi? Ka kuma hana gwaji tashi idan takardar bayani kaɗai aka taɓa. Kada ka manta da wa'adi: aikin da ya maƙale a GitHub zai iya ci gaba da cin minti har 360, wato awa shida, idan ba ka sa masa iyaka ba. Minti 15 ko 20 ya ishi yawancin ƙananan ayyuka.

Idan waɗannan gyare-gyaren suka dawo da gwajin nan daga minti 8 zuwa 4, lissafinmu ya koma 1,760. Ka riƙe wannan adadin.

Duba kyautar da ake sabuntawa duk wata

GitHub Actions kyauta ne ga ma'ajiyar da ke buɗe ga kowa, a kan injinansa na yau da kullum. Ga ma'ajiya ta sirri, tsarin kyauta yana ba da minti 2,000 a wata. Wato ƙungiyar nan ta mutum huɗu, bayan ta rage mintinta, ba ta da abin biya ko sisi. GitLab yana ba da minti 400, Bitbucket kuma 50, wanda bai wuce na leƙawa a ga yadda abin yake ba.

Sai dai kyauta ba alkawari ba ce. Travis CI ya daɗe yana yi wa ayyukan buɗaɗɗen kod gwaji kyauta, har aka ɗauke shi tamkar gidan kowa. Kamfanin Idera ya saye shi a farkon 2019, a Nuwamban 2020 kuma aka sauya tsarin zuwa na kiredit mai ƙarewa, ayyuka masu yawan gaske suka yi ƙaura. A 2020 ɗin dai GitLab ya zaftare kyautarsa daga minti 2,000 zuwa 400. Ba zallar son kuɗi ba ne: masu haƙar kuɗin kirifto sun riƙa buɗe asusun bogi suna cinye injinan kyauta, abin da ya sa a 2021 GitLab ya fara neman katin banki daga sababbin masu amfani da injinansa. Saboda haka duk adadin da ka gani, har da waɗanda ke cikin wannan rubutu, ka tabbatar da shi a shafin kamfanin ranar da za ka yanke shawara.

Yanzu ka karanta garabasar

Garabasar sabon kwastoma ɗanɗanon mai tsire ce: yankan farko kyauta, na gaba da kuɗinka. Google Cloud ya saba ba da kiredit na dala 300 na kwana 90, Azure dala 200 na kwana 30, DigitalOcean dala 200 na kwana 60. Ka lura cewa kwanakin sun fi kuɗin muhimmanci. Ƙaramin aiki ba zai iya cinye dala 200 a wata biyu ba, ragowar kuma ba ta bin ka zuwa wata na uku. Haɗarin ma shi ne, ganin kiredit ya yi yawa, mutum ya ɗauki babban injin da ba ya buƙata, ya saba da saurinsa, ranar da wa'adi ya cika ya tarar ba zai iya komawa ƙarami ba.

Ka tambayi kanka nawa injin nan zai ci a wata na farko bayan garabasa, ka ninka da goma sha biyu. Wannan shi ne farashin gaske. Ka kuma bincika abin da zai faru ranar ƙarewa, ko za a tsayar da aikin ne ko za a fara cirar kuɗi daga katinka kai tsaye, domin kamfanonin sun bambanta a nan. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira akwai ƙarin lissafi: da dala ko yuro ake biya, kuma tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda dala 20 ta jiya ba ita ce ta yau ba. Ka gwada katinka da wuri, kada sai ranar biya ka gane ba ya wucewa.

Masu buɗe sabon asusu duk wata biyu da sabon imel kuwa, ba na ba su goyon baya. Ya saɓa ƙa'idar kamfanonin, ana iya rufe asusun da aikinka a ciki, kuma awannin da ake ɓatawa wajen ƙaura sun fi kuɗin tsada. Amfanin garabasa ɗaya ne: ka gwada ainihin aikinka a kan injin da za ka iya biya daga baya, ka ga minti nawa yake ci.

Idan mintinka ya fi ƙarfin kyauta

A nan masu cewa a kafa na kai suke da gaskiya. Ka yi hayar ƙaramar saba, misali a Hetzner da ke da cibiyoyi a Jamus da Finland, ka ɗora mata manhajar runner ta GitHub ko ta GitLab, ko ka kafa Jenkins ko Woodpecker. Kuɗin hayar sabar tsayayye ne, ko gwaji goma ka yi ko dubu. Amma sabunta injin, share faifai idan Docker ya cika shi, da tashi cikin dare idan ya tsaya, duk sun dawo wuyanka. Kada ka haɗa injinka da ma'ajiyar da ke buɗe ga kowa. GitHub da kansa ya yi gargaɗi a kan haka, domin baƙo zai iya turo gyara mai ɗauke da umarnin da zai gudana a cikin injinka. Tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur ma tana iya yin aikin, in dai kana da sola da intanet mai ɗorewa. In ba haka ba, gwajinka zai riƙa bin jadawalin wuta.

Shirya hanyar fita tun ranar shiga

Ka rubuta ainihin umarnin gwaji a cikin Makefile ko ƙaramin fayil na shell a ma'ajiyarka, fayil ɗin kamfanin CI kuma ya zama ba abin da yake yi sai kiran `make test`. Ta haka ƙaura aikin yini ɗaya ce, ba na mako biyu ba. Ka ajiye jerin sunayen makullan sirrin da ka zuba a wurin kamfanin CI, domin a Janairun 2023 CircleCI ya nemi duk kwastomominsa su sauya nasu bayan an yi masa kutse, kuma wanda bai san abin da ya ajiye ba bai san abin da zai sauya ba. Daga nan ka shiga sashen biyan kuɗi ka sa iyakar kashewa ko ƙararrawar gargaɗi, ka rubuta ranar ƙarewar garabasar a kalanda, ka sa tunatarwa mako guda kafin ta.