Me Ya Sa Ruwan Soda Ke Zafi Ba Wuta?

Tambaya: Ina haɗa sabulu a gida. Duk sanda na jiƙa soda, sai ruwan ya ɗau zafi kamar an ɗora shi a murhu. Ko sodar ce ta lalace? Daga wata uwargida, Gubi, Bauchi.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, sodarki lafiya lau. Wasu sinadarai in sun haɗu da ruwa sakin zafi suke yi, soda kuwa tana kan gaba, har ruwan ya kusa tafasa. Wasu kuma zuƙe zafi suke. Tambayi masu noman rani a bakin madatsar Gubi: takin yuriya in ya narke, ruwan sanyi yake yi.

Ki fara zuba ruwa mai sanyi, sannan ki riƙa barbaɗa soda kaɗan-kaɗan kina juyawa. Kada ki kwara ruwa a kan soda, zai iya fantsamo miki. Tukunyar dalma kuwa, kul! Soda na cin ta, ta fitar da iska mai kama wuta. Samu roba mai kauri, ki yi aikin a tsakar gida da safar hannu, yara na nesa.

In ruwan soda ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa minti 20, sannan a garzaya asibiti.