Jin Haushi a Turanci: Darasi Daga Ɗaliban Biyetnam

'Yan uwana ɗalibai, darasinmu na yau ya shafi kalmomin jin haushi a Turanci, da tuntuɓen da 'yan Biyetnam kan yi wajen koyon su.

A harshensu kalma ba ta canza siffa, ba a liƙa mata ɗafa-ƙeya. Idan ransu ya sosu sukan ce "bực mình". Shi kuwa Turanci ya raba abin gida biyu: "annoyed" shi ne wanda ya ji haushi, "annoying" kuma abin da ya ba da haushin. Bugu da ƙari, kalmominsu ba sa ƙarewa da sautin "d", don haka sukan haɗiye shi. Ɗalibin da ya ce wa malaminsa "I am annoying" ya kira kansa fitinanne, alhali kuka ya kawo.

Mu Hausa ta ba mu mabuɗi. Ka tambayi kanka: jin haushi ne ko ba da haushi? In ji ne, "-ed"; in bayarwa ne, "-ing". Haka "irritated" da "irritating". In abin ya kai fushi, "angry"; in an harzuƙa, "furious".

Aikin gida: gina jimla biyu da kowace kalma.