Yadda Za Ka Haɗa Situdiyon Naɗar Waƙa a Cikin Gida

Ba sai ka kama shago a Zoo Road ta Kano ba kafin ka naɗi waƙa mai tsabta. Kwamfuta ɗaya, makirufo ɗaya da ɗakin da aka gyara sun isa. Inda matasa da yawa ke asarar kuɗi shi ne su fara da sayen makirufo mai tsada, su kai shi ɗakin da ke amsa-kuwwa, ga wuta mai rawa. Makirufo ba ya gyara ɗaki. Duk abin da ya ji, shi zai ɗauka. Don haka ka bi matakan nan a jere.

Mataki na 1: Zaɓi ɗaki ka gyara shi

Nemi ɗakin da ya fi nisa da titi, da injin markaɗe, da wurin da ake ajiye janareto. Katanga mai kauri, ko ta bulo ko ta ƙasa, ta fi tare hayaniyar waje. Rufin kwano marar silin kuwa zai hana ka aiki da damina. Idan kana da zaɓi, ɗaki mai tsawo ya fi wanda tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya, domin a na biyun sautin bes yana taruwa a wani wuri, ya ɓace a wani.

Tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya. In ka ji tafin ya dawo da wani zirin ƙara, to bango da tayil suna mayar da sauti. Maganinsa abu mai kauri da laushi: kafet a ƙasa, labule mai nauyi a taga, katifa a jingine a kusurwa, bargo a rataye da ɗan rata tsakaninsa da bango. Mai hali ya sa kafinta ya yi masa firam na katako, a cika shi da audugar Rockwool mai kaurin santimita 5 zuwa 10, a rufe da yadin da iska ke ratsawa. Kada ka wahalar da kanka da liƙa kwalin ƙwai. Bai da kaurin da zai shanye sauti, ga shi da saurin kama wuta.

Ka sani cewa waɗannan abubuwa amsa-kuwwa suke kashewa, ba sa hana hayaniyar unguwa shigowa. Don wannan sai ka toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, ka kuma zaɓi lokacin da gari ya yi shiru.

Mataki na 2: Tanadi wuta mai tsabta

Wutar Najeriya bolt 230 ce. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka wasunsu na bolt 120 ne kaɗai, don haka karanta rubutun da ke bayan kowace na'ura kafin ka jona. Sa sitabilaiza tsakanin kayanka da soket, domin dawowar wuta da ƙarfi ita ke ƙona lasifika. In za ka sayi inbata, nemi wadda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinta. Ta araha takan sa gurnani cikin sauti. Jona duk kayan a soket ɗaya mai wayar ƙasa. Idan gurnanin bai tafi ba, cire cajar laftof ka naɗa da batir. Fanka kuma a kashe ta lokacin ɗaukar murya, ko da ana bazara: a sanyaya ɗakin, a ɗauki baiti, a huta.

Mataki na 3: Kwamfuta da manhaja

Laftof mai Core i5, da RAM 8GB, da ma'ajiyar SSD za ta yi aiki. In da hali, 16GB ta fi. Manhajojin da aka fi sabawa da su a situdiyoyinmu su ne FL Studio da Cubase. In FL Studio za ka saya, lura cewa bugunta mafi araha, Fruity Edition, ba ya naɗar murya, sai daga Producer Edition zuwa sama. Audacity kyauta ce, Reaper kuma tana ba da kwana 60 na gwaji. Ka guji manhajar sata da ake turawa a filasha, domin takan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, ta maƙale ana tsakiyar aiki. Zaɓi guda ɗaya ka iya ta sosai.

Mataki na 4: Saunkad

Wannan ƙaramin akwati shi ke karɓar sauti daga makirufo ya miƙa wa kwamfuta ta wayar USB. Nemi mai ƙofa biyu, kamar Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD, don ka iya jona makirufo da fiyano lokaci guda. Tabbatar yana da maɓallin 48V. Kafin ka fara aiki, sauke direbansa na ASIO daga shafin kamfanin da ya ƙera shi.

Mataki na 5: Makirufo

Iri biyu ne a gabanka. Kondensa, kamar Audio-Technica AT2020 ko Rode NT1, yana fito da zaƙin murya har da numfashi, amma yana jin kukan akuya a maƙwabta, kuma sai da wutar 48V yake aiki. Dainamik, kamar Shure SM58, ana rera masa daf da baki, don haka hayaniyar ɗaki ba ta cika shiga ba, ga juriyar ƙura da faɗuwa. In ɗakinka bai gama gyaruwa ba, fara da dainamik. Jabun SM58 sun cika kasuwa, saboda haka in ka ji farashi ya faɗi warwas, ka yi hattara, kuma kada ka biya sai an gwada a gabanka.

Haɗa da wayar XLR mai baki uku, da sandar makirufo, da rariyar da ake sawa a gabansa don tare iskar baki. Haruffa irin su f da b da ts suna fita da ƙarfi, su ne ke bugun makirufo.

Mataki na 6: Hedifon da lasifika

Don ɗaukar murya, hedifon rufaffe ake so, irin Sony MDR-7506 ko Audio-Technica ATH-M40x, don kada kiɗa ya tsiyayo ya koma makirufo. Lasifikar biki ko ta falo tana ƙara bes ta ɓoye aibi, ba ta dace da miksin ba. In kuɗi sun samu, sayi na situdiyo masu inci 5, kamar Yamaha HS5 ko JBL 305P.

Ajiye teburi a tsakiyar gajeren bango. Nisan da ke tsakanin lasifikun biyu ya zama daidai da nisan kowace zuwa kanka, su fuskanto ka, a daidai tsayin kunne. Zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango lasifika a madubin, nan za ka kafa abin shanye sauti.

Mataki na 7: Jona ka saita

Jona makirufo tukuna sannan ka kunna 48V, in za ka cire kuma ka fara kashe ta. Lasifika su ne ƙarshen kunnawa, su ne farkon kashewa. A cikin manhaja zaɓi 24-bit da 44.1kHz, ko 48kHz in waƙar fim ce ko ta bidiyo. In mawaƙi yana jin muryarsa tana makara a kunne, rage bafa (buffer) a manhaja zuwa 128; lokacin miksin ka mayar da ita 512 ko 1024.

Sa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, ka riƙa murɗa gen (gain) na saunkad har ma'auni ya tsaya tsakanin -12dB da -6dB. Kada ya taɓa ja. Murya mai rauni ana ɗaga ta daga baya, wadda ta fashe kuwa sai dai a sake ɗauka.

Mataki na 8: Ɗauki murya da kayan kiɗa

Ga kondensa, mawaƙi ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirufo, santimita 15 zuwa 20, yana fuskantar ɓangaren da tambarin kamfani yake. Rataya bargo a bayansa, domin can makirufon yake kallo. 'Yan amshi su yi rabin da'ira a gaban makirufo ɗaya, mai ƙarfin murya ya ɗan ja baya. Kalangu da kotso sun fi dacewa da dainamik, a saita shi gefen fatar da ake bugawa yadda makaɗi ba zai taɓa shi ba. Gurmi da garaya kuwa kondensa, kamar santimita 30 daga ƙoƙon. Fiyanon Yamaha PSR, wanda waƙoƙin finafinan Kano suka daɗe suna dogaro da shi, ana jona shi kai tsaye da waya, ba a sa masa makirufo.

Ɗauki murya a bushe, ba eko, ba Auto-Tune mai yawa. A sake baiti har sai ya zauna, domin manhaja tana gyara ɗan kaucewa ne kawai.

Mataki na 9: Adana ka gwada

Ajiye aikinka a matsayin WAV, ka kwafe shi a wuri na biyu a ranar. Da hunturu rufe kaya da yadi, makirufo kuma ya koma jakarsa bayan aiki. Kafin ka saki waƙa, saurare ta a lasifikar waya, da rediyon mota, da cikin adaidaita-sahu, domin a nan jama'a za su ji ta. In kalmomi sun fito sarai a waɗannan wurare, aikin ya yi. In kiɗa ya danne su, koma ka rage shi, domin mai sauraron waƙar Hausa baiti yake bi kafin komai.