Darasi: Risho, Gawayi Ko Gas? Shawara Ga 'Yan Ci-rani

Jama'a, an gama girbi, an sa hatsi a rumbu. Yanzu ne matasa ke ɗaure kaya su nufi Kano ci-rani. Wasu sukan nemi aikin lebura a kamfanonin Sharada, Challawa da Bompai, inda ake jima da yin kayan roba da na abinci. Mutum huɗu ko biyar sukan haɗu su kama ɗaki ɗaya. A ƙauye akwai kara da itace a bayan gida. A birni kuwa, wuta ma saye ake yi. Wanda kullum yake cin abincin saye, da wuya ya koma gida da abin taki. Shi ya sa ake neman ƙaramin murhu na ɗauka.

A da, risho ne abokin ɗan ci-rani. Ba shi da nauyi, kuma kwalba ɗaya ta kananzir takan yi kwanaki. Amma a shekarar 2016 gwamnati ta cire tallafin kananzir, daga nan ya yi tsada. Tsadar ce ke sa wasu marasa tsoron Allah su gauraya shi da fetur. Irin wannan kananzir ya ƙone mutane da yawa a ƙasar nan.

To, yaya za ka gane shi? Da farko ka shinshina. Warin fetur daban yake. Sannan ka ɗiga kaɗan a kan takarda. Fetur yakan bushe nan da nan, kananzir kuwa yakan bar maiƙo. In ka yi shakka, ka mayar wa mai shi. Kada ka ce asara ce.

Kada ka ƙara wa risho mai yana ci. Ka kashe, ka bari ya huce. Ka riƙa datse bakin lagwani su daidaita. Wuta mai shuɗi ita ce mai kyau. In ta yi ja tana baƙanta tukunya, kuɗinka ne ke tafiya a hayaƙi. In kuma wuta ta tashi, kada ka watsa ruwa, domin mai yana hawa kan ruwa ya bi ɗaki. Ka zuba yashi, ko ka rufe da jiƙaƙƙen buhu.

Ga wani abu da iyaye mata ya kamata su ji. Kada a ajiye kananzir a kwalbar lemo. Yaro zai zaci abin sha ne. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kai shi asibiti.

Sai gawayi. Manya za su tuna zamanin Janar Sani Abacha, daga 1993 zuwa 1998, lokacin da kananzir ya yi wuya. A lokacin ne murhun ƙarfen nan da ake kira Abacha ya bazu, wasu na sa masa gawayi, wasu garin katako. Gawayi yana da daɗin dafa wake da tuwo, kuma ana samun na kuɗi kaɗan. Amma yana da mugun hali guda. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganin ta. Da sanyin hunturu mutane sukan shigar da kurfoti ɗaki, su rufe ƙofa da taga su kwanta. Farkon alamarta ciwon kai da jiri da kasala. Mai barci ba zai ji ba, sai dai a wayi gari a fasa ƙofa. Ka dafa a waje. In za ka kwanta, ka tabbata garwashin ya mutu.

Yanzu kuma ƙaramar tukunyar gas ta shigo, mai kilo 3 ko kilo 6, da kan girki a bisanta. Tana da sauri, ba hayaƙi. Ga mai fita aiki da asuba, a ganina ita ta fi, in mutanen ɗaki za su haɗa kuɗi su saya. Sai dai a kiyaye. A tsayar da ita a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri, nesa da rana da katifa. A kyasta ashana tukuna, sannan a buɗe gas. In ana zargin yoyo, a shafa kumfar sabulu a wuyanta. In kumfa na tashi, akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana! Gas ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa. In ka ji warinsa, ka rufe tukunyar, ka buɗe ƙofa, kada ka taɓa makunnin lantarki.

Ko da me kake girki, ka jiƙa wake tun da dare, ka haɗa kayan miya kafin ka kunna wuta, ka rufe tukunya da murfi. Da ta tafasa, ka rage wuta.

Aiki: ɗauki littafinka ka rubuta abin da kuka kashe a kan wutar girki kowace rana, har kwana 7. Ka tara jimla, ka raba da yawan mutanen ɗakinku. Ka kawo wa malami ya duba.