Shawara ga Malaman da ke Koyar da Rubutun Manhaja a Rano da Kibiya

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin horar da matasa fasahar zamani na 3MTT a 2023, sha'awar ilmin nazarin alƙaluma ta shiga zukatan matasanmu, amma da yawa, bayan sun fara da himma, sai gwiwarsu ta yi sanyi tun ba a je ko'ina ba. Asalin illar kuwa usulubin koyarwa ne, domin malami yakan cika allo da ƙa'idojin Python a haddace, sa'an nan ya kawo misalin fasinjojin Titanic, jirgin da ya nutse a 1912, ga yaron da bai ko saba da madannai ba.

Abin da ya kamata shi ne mas'ala ta riga ƙa'ida. A aiki ɗalibai kasuwar Rano ko ta Kibiya su riƙa rubuto farashin kwanon masara da dawa da gero mako-mako, su shigar da shi kwamfuta, su sa manhajar pandas ta Python ta fitar musu da matsakaici, har su ga da idonsu yadda farashi ke faɗuwa da kaka, ya hau da damina. A nan za su tarar wani mako ba a rubuta ba, kwanon wani kuma ya fi na wani girma, su gane cewa tsarkake bayanai shi ne mafi yawan aikin.

Bayan haka a bi tadriji irin na makarantar allo, inda ba a wanke wa almajiri sai ya biya: kada a wuce babi sai kowa ya rubuta nasa da hannunsa, ya yi aiki. Sharhi ya zama da Hausa, ko da yake umurnin da Ingilishi ake rubuta shi. In kwamfuta ta nuna kuskure kuma, malami ya yi haƙuri ɗalibi ya karanta saƙon, ya gyara da kansa.

Saboda ƙarancin lantarki da tsadar data, a ɗora manhajojin tun farko yadda za su yi aiki ba intanet, a zaunar da mutum biyu kan kwamfuta ɗaya suna karɓa-karɓa. Wanda aka rena a haka, in Allah ya yarda, shi zai iya yi wa manoman rani na ruwan Tiga lissafin da za su amfana da shi.